Farar Ƙasa a Ɗakin Takaba

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so mantawa matan unguwannin da nake zagayawa ba za su bar ni ba, da Juma'ar da na shiga ɗakin mahaifiyata a Argungu da tsintsiya da bokitin farar ƙasa, na kusa raba ƙanena da aikin da ya daɗe yana nema.

Bari in bi abin daki-daki, don ni ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Da farko dai, ni duba-gari ne. (A takarda an sauya mana suna, amma a gari har yau haka ake kiranmu, wani lokaci ma da abin da ya fi haka muni.) Aikina shi ne in shiga gidajen mutane a Birnin Kebbi, in duba kwata da masai da randa da bayan ɗaki, in ce a gyara kaza, a zubar da kaza. Karatuna bai yi nisa ba, amma idona a kan ƙazanta ya yi nisa ƙwarai. Aiki ne mai gajiyarwa. Kwatar da ka sa aka kwashe yau, ita za ka tarar a cike mako mai zuwa, matar gidan kuma ta gaishe ka kamar ba ku taɓa haɗuwa ba. Haka na yi ta yi har furfura ta fito mini.

Sai kuma Nasiru, autanmu. Ya haura talatin, kuma babu sana'ar da bai taɓa ba. Ya yi kabu-kabu tsakanin Ambursa da cikin gari har babur ɗin ya gaji da shi. Ya sayar da albasa. Ya yi noman shinkafa a Zauro, ambaliya ta zo ta ɗauke. Ba malalaci ba ne, abin ne dai ba ya zama a hannunsa. Ni kuwa duk lokacin da wata sana'a ta kuɓuce masa sai in zaunar da shi in yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Yaya.” Mun gaji da juna a kan wannan, ni da shi duka.

Wata rana ya kira ni a waya. Wai wasu masu shirya fim sun zo daga Kano za su yi wasa a kan rayuwar masunta, kuma daraktansu ya ɗauke shi gwaji a matsayin mai shirya wurin da za a ɗauki hoto. In ya yi abin kirki za a riƙe shi har ƙarshen fim ɗin, mai dogon zango ne, har ma da wanda zai biyo baya. In bai yi ba, za a kirawo wani daga Kano. Abin da yake so a wurina shi ne izini a yi amfani da ɗakin Inna.

Tun da Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba wanda yake kwana a ɗakin. Ni nake riƙe da makulli ɗaya, Nasiru ɗaya, kuma duk ƙarshen wata nakan je in share, in goge, in yi turare in rufe. Na ce masa na yarda, da sharaɗi ɗaya: a kula da tsafta. Ya ce, “To, Yaya.” (Ban kawo komai a raina ba.) A tunanina fim shi ne mutane su sa kaya masu kyau su zauna a kujerun alfarma suna magana. Har na ji daɗi cewa duniya za ta ga ɗakin Inna fes.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bar gidana a Gesse na shiga motar Argungu. Ban gaya wa kowa zan je ba. Duba-gari ba ya sanarwa kafin ya zo, al'adar aiki ce, ta riga ta bi jikina. Na tarar gidan ba kowa, ashe duk sun tafi bakin gulbi ɗaukar wani ɓangare. Na sa makulli na buɗe ɗakin.

Na daɗe a tsaye a bakin ƙofa.

Bangon da na bari fari tas ya yi baƙi, kamar an shekara ana girki a ciki. Kunkunniya ta sauko daga rufi. An kwashe gadon ƙarfe da kwanukan Inna, an shimfiɗa wata tabarma da gefenta ya zare. An cire ƙwan lantarki, an ajiye tsohuwar fitilar ƙwai da gilashinta ya tsage. Taga kuwa an toshe ta da zana, an bar wata 'yar kafa da haske yake shigowa kamar zare ya sauka a tsakiyar tabarmar. Ga yanar gizo a kusurwa, ga wata yagaggiyar homa, ragar nan ta kamun kifi, rataye a ƙusa, ga fasasshen gora a ƙarƙashinta. Har da ƙwarya mai sauran tuwo da ya bushe.

Abin da na raya a raina shi ne, 'yan fim sun mayar da ɗakin uwata ɗakin girki da ajiyar tarkace, Nasiru kuma ya kasa ce musu uffan. Kuma a haka za a nuna shi, mutanen Argungu su gani, abokan aikina su gani, a ce ga yadda duba-gari ya bar ɗakin da aka haife shi. Ban kira Nasiru ba. Na ce bari in gyara tukuna, in ya zo ya gani da idonsa, faɗan zai fi shiga.

Na tuɓe riga na bi tsarina. Da farko sama, sannan bango, sannan ƙasa, don wanda ya fara da ƙasa zai share sau biyu. Na kaɗe yanar gizon. Na fizge zanar na buɗe taga. Na tattara tabarma da homa da gora da ƙwarya na kai juji, na cinna musu wuta, na tsaya har suka cinye. Na sayo farar ƙasa na shafe bangon kafin magariba, da safe na ƙara shafe na biyu. Na dawo da gado da kwanuka daga ɗakin da aka cusa su, na jera su bisa girma. Na sa sabon ƙwai mai farin haske. Na rataya labule mai furanni. Bayana yana ciwo, hannuna ya yi fari har gwiwa, amma raina ya yi sanyi. (Na ma ɗora agogon bango, wanda bai taɓa zama a ɗakin ba, don dai a san gidan masu lura da lokaci ne.)

Da hantsi suka iso. Mota cike da wayoyi da fitilu masu dogayen ƙafafu, da darakta, wani siririn mutum mai hular hana-salla da idon wanda bai yi barci ba, da jarumar fim ɗin cikin tsohon zane da mayafi mai duhu. Yaran unguwa da matan maƙwabta sun biyo su har tsakar gida. Nasiru yana gaba yana ɗauke da akwati. Da ya gan ni sai ya tsaya.

Ni kuwa na gyara tsayuwa a bakin ƙofa, tsintsiya a hannu, na yi musu sallama, na ce ni ne yayan mai gida. Sannan, Allah ya yafe mini, na yi musu jawabi. Na ce baƙo yana da haƙƙi amma gida ma yana da haƙƙi. Na ce sauran abinci yana jawo ɓera, ɓera yana jawo cuta. Na ce ɗaki mara iska shi ne mafarin tari. Na ƙare da cewa wannan karon na gyara musu kyauta, amma kada a sake. Sai na ɗaga labulen da hannuna na ce, “Bismillah, ku shiga ku ga yadda ake barin ɗaki.”

Darakta ya leƙa. Ya fito. Ya cire hularsa, ya dubi cikinta kamar akwai amsa a ciki, ya mayar. Ya sake leƙawa.

Nasiru ya ajiye akwatin a hankali. Ya ce, “Yaya, mi kay yi?”

Na ce, “Abin da ya kamata ka yi.”

“Ina homar?”

“Na ƙone ta.”

“Da tabarmar?”

“Duka.”

Sai ya zauna a ƙasa, a nan tsakar gida, ya haɗa kai da gwiwa. Ban taɓa ganin ya yi haka ba, ko ranar da ruwa ya cinye masa shinkafa.

Darakta ne ya yi mini bayani, da muryar wanda ya gaji har ba shi da ƙarfin yin fushi. Ya ce, “Malam, matar nan da kake gani, a cikin labarinmu mijinta masunci ne, ya nutse a gulbi, takaba take yi. Ba ta da kowa, ba ta da komai. Ranar Alhamis mun ɗauke ta daga baya, tana zaune a tabarma tana kallon ragar mijinta. Yau za mu ɗauki fuskarta lokacin da ta juyo tana kuka, a haɗa su su zama abu ɗaya. Yanzu me kake so mai kallo ya gani? Ta ba da baya a ɗakin talauci, ta juyo a ɗakin amarya?”

Matan da ke bayanmu suka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Ya ci gaba, “Kafin ta buɗe baki, bango ne yake gaya wa mai kallo wane irin fim yake kallo. Duhun nan da ka kora shi ne baƙin cikin. Zaren hasken nan da ka ɓata, ƙaninka ya yi ta gyara shi har sai da ya sauka daidai inda za ta zauna. A wannan hasken naka, da wannan labulen, ko ta yi kukan jini mutane za su zaci tallan sabulu ne.”

Jarumar ta leƙa ita ma ta ce, “Wallahi ɗakin ya yi kyau, Baba. In na yi aure zan neme ka.” A nan dariyar ta fashe gaba ɗaya. Ni kuwa ina tsaye da tsintsiya, na rasa inda zan ajiye ta. In na riƙe, abin dariya. In na yar, ƙazanta.

Darakta ya juya ga Nasiru ya ce jarumar za ta koma Kano da yamma, wani aikin yana jiranta, ba za a iya riƙe ta ba. Ya ce ɗaki aikin mai shirya wuri ne, da yi da tsarewa duka. In zuwa la'asar ɗakin bai koma yadda yake ba, to shi ba shi da abin cewa, sai dai ya kira wancan mutumin na Kano. Nasiru ya ce, “To, ranka ya daɗe.” Irin wannan “to” ɗin da yake ce mini. Sai a lokacin na ji yadda take a kunne.

Na jingine tsintsiyar na ce masa, “Tashi. Faɗa mini abin da ake so, ɗaya bayan ɗaya.”

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Bango dai za a iya baƙanta shi. Amma tabarma da homa da ƙwarya, dut daga gidan Gwaggo Tumba nis samo su. In akwai irinsu, nan za a samu.”

Gwaggo Tumba maƙwabciyarmu ce, ƙawar Inna, tsohuwa mai kaifin harshe. Duk zuwan da zan yi Argungu sai na shiga gidanta na yi mata magana a kan tarkacen da take tarawa a bayan ɗaki, ko da yake ba yankin aikina ba ne. Sau da yawa na ce mata ta ƙone su. Ba ta taɓa ƙone ko tsinke ba.

Na same ta zaune a kujerar tsugunne, tana jirana. Labari ya riga ni. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, “Lahiya lau, ɗan nan. Halan duba kaz zo yi? Ga randa can, ga kwata can.”

Na ce, “A'a Gwaggo, roƙo na zo yi. Tabarma nake so, tsohuwa.”

“Tsohuwa? Ai ba ni da ita. Wani duba-gari yac ce in ƙone su dut.”

“Gwaggo, don Allah.”

“Ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi. Mi kaka so?”

Na ɗaga murya, matan gidan duk suna ji, na ce ina roƙon yagaggiyar tabarma da tsohuwar homa da fasasshen gora da ƙwaryar da ba a wanke ba. Ta sa na maimaita ta ƙarshen. Sannan ta miƙe ta ja ni bayan ɗakin, ta riƙa zaro su tana miƙo mini. Ta ce, “Wagga homa ta marigayi mijina ce, tare sunka saƙa ta da ubanka. Ka maido min ita. In kaƙ ƙone ta, kai da Allah.”

Haka na ratso unguwa da rana tsaka, tabarma a kai, gora a hammata, ƙwarya mai ƙanzo a hannu, yara suna bina.

Muka kwashe gado da kwanuka da agogo da labule, muka cire ƙwan lantarki. Nasiru ya dama toka da jar ƙasa da baƙin tukunya, muka hau shafa wa bangon da na sha wahalar farantawa. Muka kunna ɗanyen haki a kasko muka rufe ƙofa don hayaƙi ya kama rufi. Darakta ya ba mu hotunan ranar Alhamis a waya muna dubawa. A nan ne na ga Nasiru yana shafa baƙin ko'ina daidai wa daida, sai aikina ya motsa. Na ce masa ba haka datti yake zama ba. Baƙin fitila a saman inda take yake taruwa, ya yi tsini zuwa sama. Gefen ƙofa kuma maiƙon hannu ne, daidai kafaɗa, inda ake dafawa a cire takalmi. Ƙasan bango inda randa take ya fi duhu, don danshi. Ya dubi hoton ya ce ai ranar Alhamis ma haka ya yi, ruɗewa ce ta sa ya manta. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Shekaru ina gaya wa mutane su goge waɗannan alamomi, ga ni yau ina zana su da yatsa.

Yanar gizo ce ta fi ba mu wahala. Sai da na shiga rumbun wani maƙwabci da kara mai baki biyu, na naɗo ta a hankali kamar mai ɗauko jariri.

Ana kiran la'asar muka gama. Nasiru ya mayar da zanar taga, ya riƙa matsa kafar da tsinke, yana tambayar mai ɗaukar hoto, har hasken ya sauka a gefen tabarmar. Aka kashe duk manyan fitilun sai guda ɗaya, ita ma aka rufe ta da ƙyalle aka juya ta ga bango. Aka kunna fitilar ƙwai. Jarumar ta shiga ta zauna. Darakta ya ce kowa ya yi shiru.

Ina tsaye a bayansa, toka har gira, sai na kalli ɗan allon da yake kallo. Abin da na gani ba ɗakin fim ba ne. Ɗakinmu ne, yadda yake lokacin da muke yara, bayan rasuwar Baba. Homa a wannan ƙusar take. Fitila a wannan kusurwar take. Inna ma haka take toshe taga da zana saboda ba mu da labule, ta zauna a inda hasken yake ta yi mana ɗinki. Nasiru yana ƙarami sosai a lokacin, ban san ya riƙe duk wannan a kansa ba. Ni kuwa tun da na fara aiki nake shafe bangon nan da farar ƙasa, kuma sai a ranar na yi zargin ba tsafta kaɗai nake nema ba. Matar ta juyo, hasken ya kama rabin fuskarta, rabin yana cikin duhu. Na fita tsakar gida na ce hayaƙi ne ya shige mini ido. (Gwaggo Tumba, da ta biyo homarta, ta ce, “Awo, hayaƙi,” ta miƙo mini buta.)

Darakta ya fito bayan ɗan lokaci ya dafa kafaɗar Nasiru ya ce gobe da safe akwai ɗakin sarkin ruwa da za a shirya, kada ya makara. Shi ke nan, Nasiru ya samu aikin. Har yau yana tare da su. Makullin ɗakin Inna kuwa, a ranar ya karɓe nawa. Ya ce, “Yaya, har a gama.” Na ce, “To.”

Na zaci abin ya tsaya a Argungu. Ashe wani daga cikin masu riƙe fitila ya ɗauke ni da waya ina watsa toka a bango, da kuma lokacin da nake tafe da tabarma a kai. Kafin in koma aiki ranar Litinin, hoton ya riga ni ofis, daga ofis ya shiga gari.

Abin da na koya ba shi da yawa: in na ga abu ba a inda ya kamata ba, yanzu nakan tambaya ko wani ne ya ajiye shi da gangan kafin in ɗauko tsintsiya. Sai dai darasin ya zo mini da wahalarsa. Makon jiya na shiga wani gida a cikin gari, na tarar kwata ta cika ta tumbatsa, tukwane a kife a ƙasa, kaji suna yawo a kan turmi. Na buɗe baki zan fara. Matar gidan ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafarta, ta ce, “Duba-gari, kak ka taɓa komai. Fim muka yi.”